Kada Ku Sulale Wa Ɗan Riƙo

Ɗan'uwa mai karatu, in akwai ɗan riƙo a gidanka, wannan magana taka ce.

Bayan girbin hatsi gidaje sukan rage mutane. Samari su tafi cin rani Kano ko Abijan, ƴan mata kuma a kai su ɗakin miji. Sauran yara sukan yi kewa kwana biyu, su manta. Amma ɗan riƙo ya riga ya rabu da uwa ko uba. In wanda ya shaƙu da shi ya tafi, tsohon miki ne aka fama. A ransa yana cewa, "Wannan ma ya bar ni. Gobe kuma wa?"

Ni kaina na yi wannan kuskure. Mun riƙi wani maraya ɗan shekara huɗu, ɗiyata ce ta yi renonsa. Ranar da za a kai ta gidan miji muka aike shi gidan maƙwabta, wai don kada ya yi kuka. Ya dawo bai tarar da ita ba. Ya ƙi tuwo, ya koma fitsarin kwance, in matata za ta rijiya sai ya riƙe zanenta gam. Mun guji kukan yini ɗaya, muka jawo masa tsoro na watanni.

Ubangiji Yesu bai yi haka ba. Ka karanta Yahaya sura 14. Tun kafin ya tafi ya gaya wa almajiransa, ya faɗi inda za shi, ya yi alkawari ba zai bar su marayu ba. Sai mu bi sawunsa.

Ka gaya wa yaron gaskiya tun da sauran kwanaki. Kada a ce an tafi kasuwa. Ka bar shi ya yi rakiya, su yi ban kwana. In ya yi kuka, ka rungume shi. Yaro bai san lissafin wata ba, sai ka ce, "Kawunka zai dawo lokacin shuka." Wanda ba zai dawo da zama ba, kada ka ce zai dawo. Ka riƙa faɗa masa, "Ba laifinka ba ne. Nan ne gidanka, mu ne iyayenka." In ya jiƙa tabarma, kada ka doke shi. Kada kuma a tsorata shi da cewa za a mayar da shi inda ya fito, ko da wasa.

Kai mai tafiya, kai ma da naka aiki. Hannatu ta bar Sama'ila wurin Eli a Shilo, amma kowace shekara takan ɗinka masa ƴar riga ta kai masa (1 Sama'ila 2:19). Mordekai ya riƙi Esta marainiya. Da aka kai ta fāda, kullum yakan zaga bakin gidan don ya ji lafiyarta (Esta 2:11). Ka bar wa yaron wani abu naka, ko hula ce. Ka kira shi a waya. Abin da ka yi alkawari, ka cika.

Mu masu bi duka ƴaƴan riƙo ne, gama Allah ya karɓe mu ta wurin Yesu Almasihu (Afisawa 1:5), ba ya kuwa yashe mu. Yaron nan a hannunka zai fara koyon wannan. Yau da dare ka yi addu'a tare da shi, ku ambaci sunan wanda ya tafi.