Shin Ilimin Jami'a Yana Rage Bangaskiya?

Da yawa daga cikinmu iyaye mukan ji fargaba sa'ad da 'ya'yanmu suka shiga jami'a. Mukan tambayi kanmu: idan yaro ya karanta cewa duniya ta yi shekaru biliyoyi, yaya zai ɗauki Littafin Farawa? Tambayar tana da nauyi, ta kuwa cancanci amsa.

Bari mu dubi Fada Georges Lemaître, firist ɗan ƙasar Beljiyam, malami a Jami'ar Katolika ta Luven. A shekara ta 1927 ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya yana ta faɗaɗa. A 1931 ya ƙara da cewa, in haka ne, dukan sararin ya faro daga wani ɗan dunƙule guda mai tsananin matsi. A yau masana suna ƙiyasta shekarun sararin kimanin biliyan 13.8. Wanda ya buɗe wannan hanya mai miƙa hadayar Misa ne.

Amma akwai darasi na biyu. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi mai nuna kamar kimiyya ta tabbatar da labarin halitta. Fada Lemaître bai ji daɗin haka ba, gama a ganinsa lissafinsa bai isa ya yanke hukunci a kan al'amarin addini ba. Ya yi gaskiya. Sakamakon bincike yakan sāke. Wanda ya jingina bangaskiyarsa da shi zai faɗi ranar da aka gyara lissafin. Madubin hangen nesa yana auna taurari, amma ba ya faɗin dalilin da ya sa aka halicce mu.

Haka yake ga mai karanta tarihi ko falsafa. Zai iske cewa an hukunta Galileo a Roma a 1633, kuma a 1992 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya amince cewa malaman tauhidi na wancan zamani sun yi kuskure. Bai kamata ɗalibi Kirista ya ɓoye wannan ba, domin ƙarya ba ta kāre Ikkilisiya.

Saboda haka kada mu hana 'ya'yanmu tambaya. Wanda aka hana shi tambaya a gida, zai kai ta inda ba a san Allah ba. Mu koya musu ƙwazo a karatu, gaskiya a jarrabawa, da naciya cikin addu'a. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.