Kyakkyawar niyya da haƙƙin ƙasa bayan biki ya watse

 

Ya ku ƴan uwa, a ƙasashen Turai akwai manyan bukukuwa waɗanda masu shirya su ke ɗaukar alkawarin cewa taronsu ba zai ɓata ƙasa da ruwa da iska ba. Suna ce musu korayen bukukuwa, domin kore a wurinsu alama ce ta kiyaye tsirrai da halittu. Tambayar da muke so mu duba ita ce: mutumin da ya yi niyyar gyara da gaske, ya kashe dukiya a kanta, amma taronsa ya bar ɓarna, mai gaskiya ne ko mai riya?

Mu ɗauki bikin Glastonbury na ƙasar Ingila. (Hukuncin kiɗa da shaye-shayen da ake yi a can magana ce dabam, ba ita ce a gabanmu ba.) Wani manomi mai kiwon shanun madara, Michael Eavis, shi ya fara shi a gonarsa a 1970, da mutane wajen 1,500. Daga baya taron ya kai mutane wajen 200,000, suna kwana biyar a fili ɗaya a ƙarshen watan Yuni. Adalci ne a faɗi abin da suka yi na kirki. A 2010 sun ɗora alluna masu kama hasken rana fiye da 1,000 bisa rufin garken shanu don samun lantarki. A 2019 sun hana sayar da abin sha a gorunan roba da ake yarwa bayan sha ɗaya, alhali a 2017 an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Wanda ya yi wannan, bai kamata a yi gaggawar kiransa munafuki ba. Zukata kuwa ba mu ke da mabuɗinsu ba.

To, amma ga ɗaya gefen. A 2014 tankin da ake tara bayan-gidan mahalarta ya ɗiga cikin rafin Whitelake, kifaye suka mutu, kuma a 2016 kotu ta ci masu bikin tarar fam 12,000, ban da kuɗin shari'a. A 2021 masu bincike na jami'ar Bangor suka bayyana cewa sun sami gurbin miyagun ƙwayoyi a cikin rafin nan, wanda ya biyo fitsarin da mutane ke yi a ƙasa, har ya kai yawan da zai iya cutar da wani kifi mai kama da maciji da ke zaune a ruwan.

A nan ne abin da malaman fiƙihu suka karantar da mu ke warware kullin. Sun bambanta zunubi da ramuwa. Wanda ya ɓata dukiyar wani bisa kuskure ba ya da zunubi, amma sai ya biya, domin niyya tsakaninsa da Ubangijinsa take, dukiya kuwa ta mai ita ce. Makiyayin da shanunsa suka kwana cikin hatsin maƙwabci, rantsuwarsa cewa bai so hakan ba tana iya zama gaskiya, amma ba ta mayar da zangarniya ko ɗaya. Haka masu biki: kyakkyawar niyyarsu tana fid da su daga zargin riya, ba ta fid da su daga bashin rafi. Kuskuren masu yabon irin waɗannan bukukuwa shi ne suna kawo niyya a wurin da ake neman biya. Kuskuren masu zaginsu kuwa, suna ganin bashi sai su yanke hukunci a kan zuciya.

Akwai kuma wani abu mafi ɓoyuwa. Wani rahoto da masu shirya bukukuwa a Birtaniya suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙi mai ɗumama duniya da bikin ke jawowa, daga tafiyar mahalarta yake fitowa. Ke nan babbar ɓarna ta riga ta auku a kan hanya tun mutum bai shiga ƙofa ba. Gorar roba ido yana ganinta, ana ɗaukar hotonta, hana ta yana jawo yabo. Hayaƙin mota ba mai ganin inda ya tafi. Ɗan Adam kuwa, ko ba da nufin yaudara ba, hannunsa ya fi saurin kaiwa ga gyaran da za a gani.

Mahalarta ma suna da nasu kaso. Wata ƙungiyar masu bukukuwa ta ƙiyasta a 2019 cewa ana barin tantuna wajen 250,000 kowace shekara a filayen bukukuwan Birtaniya, ko da yake masu Glastonbury sun ce a tasu gonar kusan duka aka kwashe a wannan shekarar. Da yawa cikin masu barin tanti suna zaton mabukata za a ba, alhali mafi yawansu juji ake kai su. Mutum ya biya kuɗin shiga korayen biki, sai ya ɗauka ya sayi wanda zai ɗauke masa nauyin da ke wuyansa.

A ganina, aikin da ya fi nauyi cikin duk abin da Glastonbury ke yi shi ne shekarar da ba ta yin bikin. A 2006 da 2012 da 2018 an bar gonar ta huta, aka kuma sanar da haka game da 2026. Duk manomi ya san wannan, saura ke nan. A shekarar nan ba kuɗin shiga, ba taro, ba mai tafi, ciyawa ce kawai ke amfana.

Mu ma a nan Nijar muna da bikin da aka kafa domin ƙasa. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa. Niyya ce mai kyau, kuma damina ce, dashe yana kamawa. Amma mai son sanin gaskiyar bikin sai ya koma wurin a watan Afirilu, lokacin da rana ta take, awaki suna yawo, ya ƙirga waɗanda aka yi wa shinge aka ba ruwa. A ɗaya gefen, tun shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani: su bar tohon gawo da kalgo da sabara da ke fitowa daga tsohon kututture, su rage rassa, su kiyaye sauran. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan eka wajen miliyan 5 ta awon hekta, mafi yawansu ba wanda ya dasa su, kuma ba a taɓa buga musu ganga ba.