Hakkin Kaisar da Hakkin Allah



Sa'ad da Farisiyawa suka ɗana wa Yesu tarko da zancen haraji, ya sa aka kawo masa dinari, ya raba hakkin Kaisar da hakkin Allah. Sarki yana da iko a kan haraji, amma lamirin mutum ba ya ƙarƙashin mulkinsa.

Ikkilisiya ta koyi wannan da wahala. Mun sha tsanani kafin Sarki Konstantin ya ba da 'yancin sujada a shekara ta 313. Da mulki ya dawo hannun Kirista, mu ma mun tsananta wa waɗansu. A ranar 7 ga Disamba 1965, Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar cewa kada a tilasta wa kowa a sha'anin addini, saboda darajar da Allah ya ba ɗan Adam.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 10, ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama nata. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin bin addininsa ko sauya shi.

Saboda haka, idan muna kuka a inda aka hana mu filin gina coci, kada mu yi shiru a inda aka hana Musulmi filin masallaci. Kada kuma mu sayar wa ɗan siyasa bagadenmu don buhunan siminti, gama wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Allah ya ba shugabanninmu adalci. Amin.