Wahalar da uba ya zaɓa wa ɗansa

Magidancin da ya ƙudiri aniyar kai iyalinsa tsaunin Mambila a dogon hutun makaranta, don yara su yi yawon ƙafa a kan tuddai, zai gamu da wata tambaya tun kafin ya ɗaura kaya. Da wane dalili zai ɗora wa ɗan shekara 8 gajiya da sanyi da ciwon ƙafa, alhali babu abin da ya tilasta masa? Kakanninmu sun taka ƙasa ƙwarai, amma fatauci ne ya fitar da su, ko neman ilimi, ko aikin hajji. Tafiyar da babu kasuwa a ƙarshenta, babu malami, babu ɗan'uwan da za a gaisar, dole ta zama abin tuhuma a idon dattijo. Ina ganin tafiyar halal ce, har ma abin so ce, amma bisa sharaɗi guda mai nauyi, wato a auna ta da ƙafar mafi rauni a cikin ayarin.

Mai suka yana da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan rage mata komai ba. Musulunci bai ɗauki wahala a matsayin abin nema don kanta ba. A cikin Bukhari akwai labarin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya a rana, ba zai zauna ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi (SAW) ya umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Akwai kuma tsohon nan da ya yi bakancen tafiya Ka'aba a ƙafa, 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi, aka ce ya hau abin hawa domin Allah ba ya bukatar ya azabtar da kansa. Idan an hana baligi ya wahalar da jikinsa da sunan ibada, ina ga uban da zai wahalar da yaro da sunan shaƙatawa? Saboda haka duk wanda ya ce yana kai yara tsauni don su sha wuya su yi ƙwari, ya ɗauko maganar ta inda ba ta da tushe.

Abin da ke halatta gajiyar shi ne abin da ba ya samuwa sai ta hanyarta. Alƙur'ani ya sha kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, kuma Suratul Gashiya ta ambaci duwatsu cikin abubuwan da ya kamata a tsaya a yi nazarinsu. Ya kuma inganta cewa Annabi (SAW) ya bayyana ƙauna tsakaninsa da dutsen Uhudu. Yaron da ya tashi a Kano ko Katsina, inda ƙasa take shimfiɗe, daga gida sai mota sai aji, bai san ayar duwatsun ba sai a baki. Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, tana kan tsayin kimanin mita 1,600, kuma iska tana ƙara sanyi da wajen digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Wannan lissafi ne a littafi, amma yaron da ya baro zafin Serti da safe, ya kwana yana neman bargo a Nguroje ko Gembu, fatarsa ce ta karanta shi. Idan kuma ya hau tudu da ƙafarsa, ya juyo ya ga hazo kwance a ƙarƙashinsa, ya ga garken shanun Fulani sun ƙanƙance a wani gangare, ya ga layukan ganyen shayi na Kakara, zai san girman wurin domin numfashinsa ya auna masa shi. Ta tagar mota duk wannan zai wuce shi kamar hoton waya. Akwai kuma wani ilimi na biyu da nake ganin ya fi na farko tsada: yaro ya gane cewa bayan ya ce ya gaji, ya zauna ya sha ruwa, ashe yana da sauran ƙarfi, kuma ya gane ranar da ƙarfin ya ƙare da gaske. Sanin iyakar kai ba ya shiga ta kunne.

Yanzu ga sharaɗin. Lokacin da aka naɗa Usman ɗan Abul As limamin mutanensa, an umarce shi ya riƙa la'akari da mafi rauninsu. Annabi (SAW) da kansa yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan yaro, don kada hankalin uwar ya tashi, kuma a tafiya yakan tsaya baya yana taimakon masu rauni. Uban da ke tsara hutu limamin ayarinsa ne, kuma wannan hukuncin yana da fassara a aikace. Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya, mita 2,419, a yankin gandun dajin Gashaka-Gumti, tafiya ce mai tsawo ta majiya ƙarfi, ba wurin jan ƙananan yara ba ne. Dogon hutu kuma yana faɗawa tsakanin Yuli da Satumba, tsakiyar damina, lokacin da hanyoyi ke santsi, rafuka ke cika, hazo ke rufe gari ba sallama. Jikin yaro ya fi na babba saurin rasa ɗumi, musamman idan tufafinsa sun jiƙe, kuma ƙaramin yaro ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, sai dai ya yi shiru ko ya fara rigima. Don haka tsarin adalci shi ne gajeriyar tafiya da sassafe, a dawo kafin azahar, da rigar ruwa da rigar sanyi da takalmi mai riƙe ƙasa, ko kuma a ɗage abin gaba ɗaya zuwa hutun Disamba. A nan ake gane niyyar uba. Idan saura ƙiris a kai saman tudu, auta ta ce ba ta iya ci gaba, wanda ya fito don yara zai juya ba tare da ɓata rai ba. Wanda ya matsa sai an kai, don a ɗauki hoto, burinsa ne ya ɗora a kan ƙafar yarinya, kuma wannan cin amana ne ko da an sauko lafiya.

Wasu za su ce duk wannan lissafin ƙarancin tawakkali ne, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amsar tana cikin labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka ce ya ɗaure ta tukuna. Baligi yana iya ɗaukar kasada da ransa, ya amsa tambaya shi kaɗai. Yaro kuwa bai zaɓi hanyar ba, an ɗauko shi ne. Wannan ya haɗa da batun tsaro, wanda ba a wasa da shi a ƙasar nan: a tambayi mutanen wurin, a ɗauki ɗan jagora daga cikinsu, kada a yi tafiyar dare, idan kuma labarin hanya bai yi daɗi ba a haƙura.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta almubazzaranci. Gembu tana da nisa, kuɗin mai da masauki ba kaɗan ba ne, ga kuɗin makaranta yana jira a Satumba, ga dangi mabukata. Wanda zai ci bashi ko ya tauye haƙƙin wani don wannan tafiya, babu hujjar da zan kawo masa. Sai dai abin da nake karewa bai rataya ga nisa ba. Mutumin Zariya yana da Kufena a bayan gari, na Kano yana da Dala da Goron Dutse, na Jos yana da duwatsun Shere. Safiyar Asabar guda da gorar ruwa sun isa a fara, a ga yadda ƙafar kowane yaro take, kafin a yi maganar Mambila a wata shekarar.