Mai Ɗaukar Akwati da Mai Ɗaukar Turaku

Karatu: Littafin Ƙidaya 7:1-9

Ɗan'uwana mai karatu, ka tuna da sanarwar da aka yi a majami'arku ranar Lahadin da ta wuce. Magatakarda ya miƙe da takarda a hannu, ya ce Zumuntar Mata za su taru ranar kaza, mawaƙa suna da koyon waƙa, 'yan Sabon Rai za su fita wa'azi ƙauye, matasa suna da nazarin Littafi Mai Tsarki, malaman Makarantar Lahadi su dakata bayan sujada, 'yan birged kuma su zo da shirin fareti. Mai yiwuwa kunnenka bai kama kome ba sai da aka ambaci taka ƙungiyar. Haka yawancinmu muke. To, wannan kishi da kake yi wa ƙungiyarka, abin kirki ne a gaban Allah? In kuwa abin kirki ne, a ina yake juyewa ya zama cuta ga ikkilisiyar da aka kafa ƙungiyar dominta?

Bari mu fara da abin da ba shi da gardama. Raba jama'ar Allah ƙungiya ƙungiya domin hidima tsohon abu ne. A Fitowa sura 18, Yetro ya tarar da surukinsa Musa yana zaune tun safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai. Ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da mutanen, ya kuma ba shi shawara ya naɗa amintattun mutane a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin, da goma goma. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Fasto ɗaya ba zai iya sanin wanda ya kwana da yunwa a cikin mutum ɗari biyar ba, amma a cikin mutum goma sha biyu ba wanda zai ɓace ba a lura ba.

Tarihin ikkilisiya ya tabbatar da wannan. A shekara ta 1742, a birnin Biristol na ƙasar Ingila, mabiyan John Wesley suna fama da bashin ginin ɗakin taronsu. Sai aka raba su ƙungiyoyi na kimanin mutum goma sha biyu, kowace da shugaba wanda zai riƙa bi gida gida yana karɓar kwabo ɗaya kowane mako. Da shugabannin suka fara zagayawa, sai suka tarar da abin da ya fi bashin gini nauyi: wani yana ciwo, wani ya koma tsohuwar hanyarsa, wani gidansa ba zaman lafiya. Ƙungiyar da aka kafa domin tara kuɗi ta zama wurin kiwon rayuka, ta kuma zama ƙashin bayan ɗarikar Metodis. Saboda haka idan kana ƙaunar ƙungiyarka, kana zuwa taronta a kan lokaci, kana jin zafi in ta yi rauni, ka yi daidai. Mutumin da ya ce yana ƙaunar ikkilisiya duka, alhali ba wani ɗan'uwa guda da ya san damuwarsa, ƙaunarsa ta baki ce.

Wahalar tana farawa ne sa'ad da ka ɗaga ido daga aikinka, ka fara duban na maƙwabcinka. A nan ne labarin Lawiyawa yake da abin koya mana. A Littafin Ƙidaya sura 4, Ubangiji ya raba kayan alfarwa ta sujada tsakanin iyalai uku na kabilar Lawi. Kohatawa su ne masu ɗaukar kayayyaki mafi tsarki, wato akwatin alkawari, da tebur, da alkuki, da bagadai. Gershonawa suna ɗaukar labule da murfin alfarwa. Merariyawa kuwa rabonsu katakai ne, da ginshiƙai, da turaku, da igiyoyi. Da za a tambayi mutum wane aiki yake so, kowa zai ce akwatin. Wa zai yi alfahari da turke? Amma ka yi tunani, in mai ɗaukar turaku ya yi fushi ya yar da su a jeji, ina za a kafa alfarwar, ina kuma za a ajiye akwatin? Littafin ya nuna cewa har kayan Merariyawa ma sai da aka ƙididdige su, aka san abin da kowane mutum zai ɗauka. Allah bai ɗauki turke ƙaramin abu ba.

Sura 7 ta ƙara wani abin mamaki. Shugabannin kabilu suka kawo kyautar kekunan shanu shida da bijimai goma sha biyu. Musa bai raba su daidai wa daida ba. Gershonawa suka sami keke biyu da bijimai huɗu, Merariyawa keke huɗu da bijimai takwas, Kohatawa kuwa ko ɗaya ba su samu ba, domin nasu kayan a kafaɗa ake ɗauka. An yi rabon bisa ga nauyin aiki. Masu aikin da ya fi daraja su ne suka yi tafiya da kaya a kafaɗa cikin rana, masu aikin da ba a yabo kuwa su aka ba dabbobi. Ka tuna da wannan ranar da majalisar dattawa ta sayi kayan kiɗa wa mawaƙa, ko ta ba masu bishara kuɗin mota, taka ƙungiyar kuwa ba ta sami kome ba. Kafin ka ce an yi son kai, ka tambaya ko kayansu ne ya fi bukatar keke a wannan shekara.

Akwai mutumin da bai gamsu da rabonsa ba, sunansa Kora. Abin lura shi ne, Kora Bakohate ne, daga iyalin da aka ba aiki mafi kusa da wuri mai tsarki. A sura 16 ya haɗa kai da Datan da Abiram da shugabannin jama'a 250, suka tayar wa Musa da Haruna. Hujjarsu ta yi daɗin ji, gama sun ce ai dukan jama'a tsarkaka ne. Musa ya gane abin da yake ƙarƙashin maganar, ya tambaye su ko sun raina hidimar da Allah ya keɓe su dominta ne, har suna neman aikin firist. Ƙarshen labarin hallaka ce. Wannan ya nuna maka cewa hassada ba ta fitowa daga ƙarancin matsayi, gama mai ɗaukar akwati ma ya yi ta. Tana fitowa ne daga zuciyar da ta daina ganin hidima a matsayin alherin da aka ba ta, ta fara ganinta a matsayin tsani. Irin wannan zuciya takan sa mawaƙa su ƙi taɓa waƙa domin an rage musu lokaci, ta sa wata ƙungiya ta sa ranar taronta a kan ranar wata da gangan, ta sa shugaba ya riƙe kujera shekara da shekaru yana cewa in ba shi ba abin zai rushe.

Amma kada ka ɗauka kowane gunaguni irin na Kora ne. Wani kukan na gaskiya ne, kuma zunubi ne a toshe masa kunne da sunan zaman lafiya. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi da suke jin Helenanci suka yi ƙara cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su zarge su da raba kan ikkilisiya ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. Dukan bakwai ɗin kuwa sunayen Helenanci ne da su, abin da yake nuna alamar an damƙa aikin a hannun ɓangaren da aka yi wa sakaci. Ka ga bambancin? Kora yana neman wa kansa girma, waɗannan kuwa suna neman wa gwauruwa abinci. Ka kuma lura da irin halin da aka nema daga masu rabon tuwo: cikar Ruhu Mai Tsarki. Daga cikinsu Istifanas ya fito, wanda ya fara ba da ransa saboda Almasihu, da Filibus wanda ya kai bishara Samariya, ya kuma yi wa baban nan na Habasha baftisma. Mu da muke sujada da harsuna dabam dabam a majami'a ɗaya, da taron Hausa da na Turanci, da ƙungiyoyin waƙa na kabilu, ya kamata wannan sura ta sa mu binciki kanmu. Gwaurayen wane harshe ne ake tsallakewa a wurinmu?

Wannan ya kawo mu ga haɗarin da ya fi ɓoyuwa. Kowace ƙungiya takan kula da nata, wannan kuwa daidai ne. Idan 'yar Zumunta ta haihu, mata sukan je da sabulu da waƙa. Idan mahaifin ɗan kwaya ya rasu, mawaƙa sukan kwana a gidan makoki. To, wanda ba ya cikin kowace ƙungiya fa? Ka ɗauka akwai wani dattijo da yake zama a benci na baya. Muryarsa ba ta waƙa ba ce, ƙafarsa ba ta iya zuwa ƙauye wa'azi. Ya kwanta ciwo mako uku, kowace ƙungiya ta zaci wata ce za ta je, ba kuwa wanda ya je. Ko ka ɗauki mace wadda ta daina zuwa Zumunta saboda ba ta da kuɗin zanen anko, ga kuɗin wata ya taru a kanta, kunya kuma ta hana ta faɗa. Ba wanda ya kore ta, amma ƙofar ta rufe. 'Yar'uwa, in ke ce ma'ajiya, kin san sunayen da suka daina bayyana a littafinki. Kin taɓa zuwa ki ji dalili, ko kuwa jan layi kawai kika yi? Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa sura 12, ya kamanta ikkilisiya da jikin mutum, ya koyar cewa gaɓoɓin da ake gani raunana su ne ba a iya rabuwa da su, kuma ciwon gaɓa ɗaya na jiki duka ne. Jikin da yatsansa yake ruɓewa bai ji ba, kuturta ta kama shi.

Wani zai ce, ai ɗan gasa tsakanin ƙungiyoyi yana ƙara himma, in aka cire shi aiki zai yi sanyi. Akwai gaskiya a ciki. Bulus da kansa ya yi amfani da karimcin ikkilisiyoyin Makidoniya domin ya zuga Korantiyawa ga bayarwa. Amma akwai gwajin da zai nuna maka irin kishin da yake zuciyarka. Sa'ad da wata ƙungiya ta yi abin da ya fi naku kyau, jama'a suka yaba, me ka ji a ranka? In ka yi murna, ka kuma ƙudura ku ƙara ƙwazo, kishinka na Ubangiji ne. In kuwa ka ji kamar an ƙwace maka wani abu, to, ka fara gina wa kanka gida a cikin gidan Allah. Ga gwaji na biyu: da a ce amfanin ikkilisiya ya bukaci ƙungiyarku ta ba da ranarta, ko kuɗin asusunta, ko mutum mafi ƙwazo a cikinku ya koma koyar da yara, za ka yarda da zuciya ɗaya? Korantiyawa sun rabu, wasu suna cewa su na Bulus ne, wasu na Afolos. Bulus ya kamanta kansa da mai shuka, Afolos da mai ban ruwa, ya nuna musu cewa gonar ta Allah ce, shi ne kuma mai sa tsiro ya girma. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Game da lada kuwa, ka duba abin da Dawuda ya yi a 1 Sama'ila sura 30. Yana bin sawun Amalekawa da mutum 600, sai 200 suka gaji, suka kasa haye rafin Besor, aka bar su wurin kaya. Da aka dawo da ganima, wasu daga cikin mayaƙan suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya kome, sai dai matansu da 'ya'yansu. Dawuda ya ƙi. Hujjarsa ita ce nasarar kyauta ce daga Ubangiji, saboda haka mai tsaron kaya da mai zuwa yaƙi rabonsu ɗaya ne, ya kuma mai da wannan doka a Isra'ila. Idan abin da muka samu alheri ne, ba wanda yake da bakin cewa nasa ya fi. Mai share majami'a da asuba, da mai riƙe yara domin iyayensu su ji wa'azi, da tsohuwar da ba abin da ya rage mata sai addu'a a kan tabarma, suna da rabo cikin kowane rai da ya tuba ta bakin mai wa'azi.

Saboda haka, ɗan'uwana, ka riƙe aikin ƙungiyarka da hannu biyu, ka kuma tuna cewa amana ce. A wannan mako ka yi addu'a domin ƙungiyar da ba taka ba, musamman wadda kuke yawan saɓani da ita. Ka nemi wani mai hidimar da ba a gani, ka gode masa. Ranar Lahadi kuma ka waiwayi benci na baya, ka ga wanda ba ya nan, ka tambayi gidansa.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai ne kan ikkilisiya, kai ne kuma ka ɗaura tawul ka wanke ƙafafun almajiranka. Ka gafarta mana inda muka nemi sunanmu a cikin aikinka. Ka ba mu gamsuwa da rabon da ka ba mu, ko akwati ne ko turke. Ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda muka tsallake, ka ba mu ƙafar zuwa wurinsu. Amin.