Hakkin Kwaɗo a Wuyan Ɗan Adam



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jami'ar Bayero da damina, ya wuce ta Ƙofar Na'isa bayan faɗuwar rana, ya san kukan kwaɗin da ke tashi daga kududdufan gindin ganuwa. Kududdufan nan ramuka ne da mutanen dā suka haƙa don ɗibar ƙasar gini. An cike da yawa daga cikinsu an yi gine-gine, amma a ragowar yara kan kamfaci talibamban a gwangwani, su jefi kwaɗi da duwatsu, ba mai ce musu uffan. Da yawanmu mun yi haka a ƙuruciya. Ga shi kuwa Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Dalilin da ya sa muka ɗauko zancen kwaɗo shi ne, masanan da ke binciken yadda ɗan tayi ke girma ba su da ikon leƙa cikin mace su kalli abin da ke gudana. Saboda haka suka zaɓi waɗansu halittu su tsaya a madadin mutum: ɓera, da ƙwan kaza, da wani ƙaramin kifi mai zane, da ɗan ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro, da kuma kwaɗo. Kwaɗo ya dace da aikin domin yana zuba ƙwai masu yawa a ruwa, a fili, ana ganin ƙwan yana rabuwa biyu, huɗu, takwas, har cikin 'yan kwanaki ya zama talibamban mai iyo.

Ikilisiya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Wajen shekara ta 1780 wani firist na ƙasar Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya nuna cewa ƙwan kwaɗo ba ya zama kome sai maniyyin namiji ya taɓa shi. A 1962, a Ingila, John Gurdon ya ciro cibiyar ƙwayar halitta daga hanjin talibamban, ya sa ta cikin ƙwan da aka cire wa tasa, sai ga sabon talibamban ya fito. A 1995 aka ba masana uku lambar Nobel saboda gano ƙwayoyin gadon da ke shirya jikin ƙuda daga kai zuwa gindi, waɗanda irinsu ke aiki a jikin ɗan adam. Ƙasarmu ma tana da hannu: a 2010 aka karanta dukan rubutun gadon wani kwaɗon kurmin Afirka ta Yamma mai suna Xenopus tropicalis, daga zuriyar da asalinta Nijeriya ne. An sami ƙwayoyin gado fiye da 20,000, aƙalla 1,700 daga cikinsu kuma suna da takwarori a cikin waɗanda ke da alaƙa da cututtukan mutum.

To, ga tambayar da ta shafi lamirinmu. Shin ya halatta a ɗauki halittar da ba ta yi mana laifi ba, a yanka, a huda, a gwada a kanta, don amfanin kanmu? In kuwa ya halatta, ina iyakarsa?

Wani zai ce, ai kwaɗo ne kawai. Wannan amsa ba ta gamsar ba, gama in da kwaɗo ba shi da wata dangantaka da mu, da bai koya wa likita kome game da jaririnmu ba. Amfaninsa ya fito ne daga kamanninmu da shi. Wani kuma zai tsorata ya ce, in haka ne ashe mutum ma dabba ne. Amma Littafin Farawa bai ɓoye mana cewa daga ƙasa aka siffata mu ba. Maginin da ya ɗebi ƙasa a rami guda ya gina fada da rumbu bai rage darajar fada ba. Abin da ya ɗaukaka mutum shi ne surar Allah da aka halicce shi a cikinta.

Katakism na Ikilisiya Katolika, a lamba ta 2417 da 2418, ya koyar da cewa gwaji a kan dabbobi halal ne muddin bai wuce iyakar hankali ba, kuma yana taimakawa wajen kula da rayukan mutane ko cetonsu. Amma azabtar da dabba ko kashe ta a banza ya saɓa wa mutuncin mutum kansa. Mu lura, mutuncinmu ne ke zubewa sa'ad da muka yi mugunta. Masana ma, tun 1959, sun shimfiɗa ƙa'idodi uku: a nemi wata hanya in da akwai, a rage yawan dabbobin, a kuma sauƙaƙa musu wahala.

Amfanin binciken yana zuwa har gidajenmu. Sau nawa aka haifi jariri da tsagaggen leɓe ko rami a zuciya, dangi suka juya wa uwar baya, ana raɗa cewa maita ce ko alhakin wani? Binciken nan ya nuna cewa gaɓoɓin jiki suna kafuwa ne a makonnin farko na ciki, sau da yawa kafin mace ta san tana da juna biyu, kuma ƙaramin tuntuɓe a wannan shiri yakan bar alama. Ilimin da ke cire zargi daga kan uwa marar laifi aikin jinƙai ne.

Sai dai akwai iyakar da ba a ƙetarewa. An yarda kwaɗo ya tsaya a madadin mutum ne domin kada a mai da mutum abin gwaji. A 1987, a zamanin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, Ikilisiya ta bayyana cewa tilas a girmama ɗan tayin mutum a matsayin mutum tun daga ɗaukar cikinsa, ba a halaka shi don bincike, kome kyan niyya. Waɗansu sun ce wannan zai daƙile ilimi. Amma a 2006 Shinya Yamanaka na Japan, yana aiki da ɓeraye, ya gano yadda za a mai da balagaggiyar ƙwayar halitta ta koma kamar ta ɗan tayi, a 2007 kuma ya yi haka da ƙwayar fatar mutum, ba tare da an taɓa ɗan tayi ba. Shi da Gurdon suka raba lambar Nobel a 2012.

Saboda haka, 'yan'uwa, halittun nan suna bin mu bashin godiya. Iyaye da malaman katakism, ku tsawata wa yaron da ke jifan kwaɗo don wasa, gama hannun da ya saba da mugunta a bakin kududdufi ba zai tsaya a nan ba. 'Ya'yanmu da ke karatun kimiyya da likitanci, ku yi aikinku da ƙwazo, ku riƙe dabbar da ke hannunku a matsayin amana. Dukanmu kuma mu tsaya tare da iyalan da aka haifa musu yaro mai nakasa.

Allah, wanda ya yi babba da ƙarami, ya ba mu zuciya irin ta Waliyyi Faransis na Asisi, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.