Onarabul Ya Yi Araha a Hannunmu

Akwai wata kalma da muka ara a wajen Turawan Ingila tun zamanin iyayenmu, muka yi ta jan ta a ƙasa har ta kusa fita daga kamanninta, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu zauna mu tambayi kanmu abin da muka yi da ita. Kalmar ita ce Onarabul. Yau da wuya ka shiga unguwa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ba ka tarar da Onarabul biyu ko uku ba. Ɗan majalisa Onarabul ne, kansila Onarabul ne, wanda ya sauka daga kansila tun shekara 20 da suka wuce Onarabul ne, wanda ya tsaya takara ya sha ƙasa Onarabul ne. Har wanda ya sayi fom bai kai ga zaɓen fid da gwani ba, da zarar an liƙa fostarsa a jikin turken lantarki, to shi ma ya shiga sahu. Ba na faɗin wannan don in ci mutuncin kowa, domin yawancinsu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma sau da yawa daga bakinmu suka fara jin sunan kafin su yarda da shi.

A wajen masu ita, kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu tun asali. Tushenta daga Latin ne, harshen Rumawa, inda kalma guda take nufin mutuncin da mutum yake da shi a idon jama'a, take kuma nufin muƙamin da jama'a suka ɗora shi a kai. Ta shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci, bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, ta kuma shigo da ma'anonin nan biyu tare. Ana cewa mutum ya yi abin da ya cancanci wannan suna idan ya cika alkawari alhali saɓawa ta fi masa sauƙi, ko ya biya bashin da babu shaida a kansa, ko ya sauka daga kujera don kada ya ja wa kujerar abin kunya. Ana kuma sa ta a gaban sunan mutum saboda matsayinsa kawai. Fatan da ke bayan haɗa su shi ne wanda aka ba matsayi ya riƙa tuna cewa ana bin sa bashin hali.

Yadda suke amfani da ita a can ya kamata ya sa mu ɗan ji nauyi. A Ingila, waɗanda ake rubuta wa Onarabul a gaban suna kaɗan ne: 'ya'yan wasu masu sarautar gado, da alƙalan babbar kotu, da 'yan tsirarun masu wasu muƙamai. Ladabin da suka gada shi ne a rubuta ta a bayan ambulan idan za a aika wa mutum wasiƙa, amma ba a kiran mutum da ita baki da baki, shi ma ba ya gabatar da kansa da ita, ba ya sa hannu da ita. A Amurka, inda tsarin mulki ya hana gwamnati naɗa sarautar gado, haka ƙa'idar take: wasu ne suke rubuta wa alƙali ko gwamna ko ɗan majalisa wannan kalma, shi ba ya rubuta wa kansa. Mu ma ai mun san wannan tun kafin Bature ya zo, tunda kakanninmu sun ce yabon kai jahilci ne.

Abin da zai fi ba mutanenmu mamaki shi ne zama ɗan majalisar wakilai a Landan ba ya sa a rubuta wa mutum Onarabul a gaban sunansa. A cikin zauren majalisa kaɗai ake amfani da kalmar, kuma da dalili. Doka ce a can ɗan majalisa ba ya kiran abokin aikinsa da sunansa, ba ya kuma fuskantarsa da magana kai tsaye. Kakakin majalisa yake yi wa magana, ya ambaci ɗan'uwansa da Onarabul mai wakiltar mazaɓa kaza. An yi haka ne don idan gardama ta yi zafi kada ta koma zagi, kuma don kowa ya tuna cewa jama'ar wata mazaɓa ce take magana ta bakin mutumin. Girman na mazaɓar ne, shi riƙo aka ba shi. Da ya fito ƙofar majalisa ya koma Malam wane, ya hau jirgin ƙasa kamar kowa.

Saboda an ɗauka kowane ɗan majalisa mai gaskiya ne, ba a yarda wani ya ce da wani maƙaryaci a cikin zaure ba. A watan Yuli na 2021 an fitar da wata 'yar majalisa mai suna Dawn Butler daga zauren na tsawon yinin, saboda ta ce Firayim Minista Boris Johnson ya yi ƙarya kuma ta ƙi janye maganar. Amma dokar tana da ɗaya gefen, wanda ya fi nauyi: wanda aka tabbatar ya yaudari majalisa da gangan ya karya sharaɗin da aka kira shi Onarabul a kansa. A watan Yuni na 2023 wani kwamitin majalisar ya yanke cewa shi Johnson ɗin ya yaudari majalisa da gangan, kuma kwanaki kaɗan kafin rahoton ya fito ya ajiye kujerarsa.

Labarin da na fi son matasanmu su sani shi ne na John Profumo, ministan yaƙi na Birtaniya. A watan Maris na 1963 ya tsaya a gaban majalisa ya musanta wata alaƙa da aka ce yana da ita da wata yarinya. A watan Yuni ya amsa cewa ƙarya ya yi. Ya ajiye minista, ya ajiye kujerar majalisa, ya fita daga majalisar mashawartan Sarauniya, wadda zama a cikinta ne yake ba mutum laƙabin Rait Onarabul. Daga nan ya tafi wani gidan taimakon talakawa da ake kira Toynbee Hall a gabashin Landan, ya fara da wanke kwanuka, ya ci gaba da yi wa gidan hidima ba albashi har kusan shekara 40, bai koma siyasa ba, bai fito yana wanke kansa a jaridu ba, har ya rasu a 2006. Ranar da ya rasa laƙabin ce ya kama hanyar neman halin.

Kada a ce ina mayar da Turawa waliyyai. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, wanda aka kafa a shekarar 1600, da Onarabul ake kiransa a takardun hukuma, kuma da wannan sunan ya ci Bengal da yaƙi, ya tatsi haraji a lokacin yunwar 1770, ya yi fataucin ofiyam zuwa Sin. Su ma sun sha liƙa kalmar a inda ba ta dace ba. Shi ya sa ma ya kamata mu yi hattara, domin mun ga sunan bai taɓa wanke kowa ba.

Kalmar ta iso mana ne tare da majalisun da Turawa suka kafa, irin wadda ta riƙa zama a zauren Lugga a Kaduna, kuma magabatanmu na farko sun riƙe ta da nauyinta. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa an shigar da shi majalisar mashawartan Sarauniyar Ingila a 1961, saboda haka Rait Onarabul ɗinsa na ƙa'ida ne. Amma in ka je Bauchi ka tambayi dattawa, abin da za su gaya maka shi ne ya riƙe Firayim Minista har aka kashe shi a 1966 bai bar dukiyar a zo a gani ba. Malam Aminu Kano ya ci zaɓen majalisar wakilai a 1959, ya yi kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja. Har gobe in aka ce Malam a siyasar Kano an san wa ake nufi, kuma babu wanda ya taɓa jin sunan ya yi masa kaɗan.

Mu kuwa sai muka ɗauki rabin kalmar da ya shafi kujera, muka yar da rabin da ya shafi hali. A Najeriya muna da 'yan majalisar wakilai 360, da 'yan majalisun jihohi kusan dubu, da shugabannin ƙananan hukumomi 774, da kansiloli sama da 8,000, ga ministoci da kwamishinoni da masu ba da shawara da mataimaka na musamman. Duk zagayen zaɓe sai a samu sababbi, tsofaffin kuma ba sa ajiye sunan, kuma haka ake ta tarawa tun 1999. Ko shugaban ƙungiyar ɗalibai a kwaleji yanzu katin da ya buga da Onarabul yake farawa. Abin ya zama kamar kwabo: yana nan a rubuce a matsayin kuɗi, amma ba mai sayar maka da ko ƙosai da shi.

Ku je gidan biki ku saurara. Mai riƙe da lasifika yana hango mota mai baƙin gilas zai katse maganar da yake yi, ya ce a tashi tsaye Onarabul ya iso, a kawo kujera, a ba shi wuri. Sai a ta da wani tsohon malamin firamare da ya koyar da rabin mutanen wajen, a mayar da shi baya kusa da masu rabon ruwa, kuma muna zaune muna kallo ba wanda ya ce uffan. Ku je ƙofar gidan ɗan majalisa da sassafe. Mu ne a tsugune, wannan da takardar magani, wannan da katin suna, wannan da kuɗin makarantar yaro, muna cewa Onarabul Allah ya maimaita, Onarabul sai ka yi takwas. Ba wanda ya zo tambayar wace doka ya kawo, ko me ya ce ranar da aka yi muhawarar kasafin kuɗi, ko ina rijiyar burtsatsen da aka rubuta da sunan ƙauyenmu. In ya miƙa muka ce mutumin kirki ne, in ya hana muka koma gindin bishiya muka zage shi. Ba a banza aka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade ba.

Wannan ɗabi'a tana da farashi, kuma muna biya. Mutumin da ka durƙusa wa da safe ba za ka iya tuhumarsa da yamma ba, saboda haka bakinmu ya mutu a gaban waɗanda muka aika su yi mana aiki. Shi kuma da muka ɗora wa nauyin ciyar da mazaɓa daga aljihunsa, albashinsa ba zai isa ba, dole ya nemo a wani wuri, kuma mun san inda yake nemowa. 'Ya'yanmu suna kallo. Tambayi yaro ɗan shekara 10 wane ne Onarabul, zai ce maka mai jif, mai 'yan rakiya, mai raba kuɗi ranar Sallah. Da wuya ya ce mai gaskiya, domin bai taɓa jin mun haɗa kalmomin biyu ba. Kuma idan aka daɗe ana kiran wanda ba ya cika alkawari da sunan mai cika alkawari, sunan sai ya koma ba'a. Waɗanda suka karanta wasan Julius Caesar na Shakespeare a sakandare za su tuna yadda Antony ya yi ta maimaita wannan kalma a kan Brutus da abokansa har taron jama'a ya ji ta a matsayin zagi. Mun kusa kai wa nan, domin yanzu a majalisar shayi ana ce wa duk wanda ya sa sabuwar shadda Onarabul ana dariya. Masu gaskiyar cikin 'yan siyasa, kuma akwai su, su ne suke kwana da wannan kunya ba da laifinsu ba.

Akwai kuma wata cuta da muke yi wa su kansu masu sunan ba mu lura ba. Yaron da yake da shagonsa na ɗinki ko ajinsa na koyarwa, ya yi kansila shekara 2 ko 3 ya sauka, sai ya kasa komawa sana'arsa, domin mun riga mun gaya masa Onarabul ba ya zama a shago. Sai ka gan shi shekara da shekaru yana yawo daga gidan wannan babba zuwa ofishin wancan, da babbar riga guda da ta fara koɗewa, yana jiran a tuna da shi, iyalinsa suna shan wahala a ɓoye. Da mun bar shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, da ya koma kan kekensa ya ci halalinsa cikin rufin asiri.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka, yana hannunmu. Mai riƙe da kujera a ba shi girman kujerarsa a zauren majalisa da takardun aiki, domin girmama hukuma tarbiyya ce, amma in wa'adi ya ƙare a bar sunan a kan kujerar don wanda zai gaje ta. Wanda bai ci zaɓe ba kada mu ba shi, kada shi ma ya karɓa. 'Yan siyasarmu su daina rubuta wa kansu a kati da kalanda da Facebook, su bari wasu su faɗa in sun ga dalili. 'Yan jarida da masu gabatar da taro su rage, domin daga bakinsu yara suke koya. Mu iyaye kuma mu dawo da kalmominmu da muka ajiye, waɗanda ba a sayen fom a same su: dattijo, mai amana, mutumin kirki. Mu riƙa faɗinsu a gaban 'ya'yanmu a kan birkilan da bai ci siminti ba, da ungozomar da ba ta raina talaka ba, da ɗan majalisar da ya yi aikin da aka aike shi.

Don Allah, 'yan'uwa, kafin mu sake ɗaga murya mu ce Onarabul, mu tambayi kanmu wane alkawari mutumin ya cika. In mun samu amsa mu faɗa da ƙarfi. In ba mu samu ba, mu gaishe shi da sunansa cikin mutunci, ya ishe shi.